Zaɓen gwamnan Kentaki na 1899: wa ya ci, wa aka ba kujera?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda muna kan tarihin zaɓuɓɓukan jihohin Amurka, ina so mu tsaya a kan na Kentaki, wanda aka yi ranar Talata 7 ga Nuwamba 1899. A rana ɗaya aka zaɓi gwamna, mataimakinsa, sakataren jiha, antoni janar, ma'aji, odita, shugaban harkar ilimi da kwamishinan gona. Sakamakon da hukumar zaɓe ta sa wa hannu shi ne: William S. Taylor na Rifablikan 193,714, William Goebel na Dimokurat 191,331, sai tsohon gwamna John Y. Brown da ƙuri'a dubu 12 da ɗoriya. Tazarar 2,383 ce kacal. An rantsar da Taylor ranar 12 ga Disamba. Kafin watan Janairu ya ƙare an harbi Goebel a harabar majalisa, washegari aka rantsar da shi gwamna yana kwance, ranar 3 ga Fabrairu 1900 ya cika. Tambayata: a ina tsarin ya karye? Ni a ganina tun daga dokar zaɓe ta 1898 ne.

Barista Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam. Dokar 1898 tana da nata laifin, amma ba ita ta cire Taylor ba, kuma nan ne mutane da yawa ke cakuɗa abu biyu. Bari in warware yadda dokar take.

Kafin 1898, alƙalin kowace gunduma ne ke naɗa jami'an rumfunan zaɓe, shi da magatakardan gunduma da sherif su tattara sakamako. A gundumomin tsaunukan gabas waɗannan duk 'yan Rifablikan ne. A 1895 William O. Bradley ya zama gwamnan Rifablikan na farko a jihar, a 1896 kuma William McKinley, ɗan takarar shugaban ƙasa na Rifablikan, ya ci jihar da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 300 ba. 'Yan Dimokurat suka ce aringizo aka yi musu a tsaunuka. Goebel, wanda shi ke riƙe da akalar majalisar dattawan jihar, ya kawo dokar da ta ce majalisa za ta zaɓi mutum uku su zama hukumar zaɓe ta jiha, su ukun su naɗa hukumar mutum uku a kowace gunduma cikin 119, waɗannan kuma su naɗa jami'an rumfa. Gwamna Bradley ya hau kujerar na ƙi, majalisa ta tsallake shi. Ka ga jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisa ta riƙe igiyar tun daga sama har bakin akwati.

To amma da aka zo tattara sakamako a Frankfort, babban birnin jihar, biyu daga cikin mutum ukun da ɓangaren Goebel ya ɗora, William S. Pryor da William T. Ellis, suka ce aikinsu haɗa lissafin da gundumomi suka aiko ne, ba su da hurumin sauraron shaidu ko soke ƙuri'a a wannan zama. Charles B. Poyntz kaɗai ya ƙi. Biyu da ɗaya, ranar 9 ga Disamba, suka ba Taylor takardar shaida.

Ɗanjuma:
Ikon Allah. Kenan hukumar da ya gina da hannunsa ita ta kayar da shi? To ta wace ƙofa ya dawo, Barista?

Barista Hadiza:
Ta ƙofar kundin tsarin mulkin jihar na 1891. Sashe na 90 ya ce idan aka yi jayayya kan zaɓen gwamna ko mataimakinsa, zaurukan majalisa biyu ne za su yanke. Babu kotu a ciki. Majalisar kuwa Dimokurat ke da rinjaye a duka zaurukan, kuma mai ƙarar da kansa sanata ne a cikinta. Ɗan takarar mataimakinsa, J. C. W. Beckham, shi ne kakakin majalisar wakilai a zangon da ya gabata.

Malam Lawal:
Kafin ku kai majalisa, a koma baya kaɗan, don ba za a gane ƙuri'un Brown dubu 12 ba sai an san abin da ya faru a babban taron Dimokurat na watan Yuni a zauren Music Hall da ke Louisville. Mutum uku ke neman tikiti: P. Wat Hardin, wanda ya fi kowa daliget, William J. Stone, sai Goebel da ya zo na uku. Goebel da Stone suka ƙulla yarjejeniya su haɗa kai su naɗa shugaban taro na wucin gadi, suka ɗora alƙali David Redwine. Wanda ya san taron jam'iyya ya san muhimmancin wannan kujera. Gundumomi da yawa sun aiko tawaga biyu-biyu masu gaba da juna, kuma kwamitin tantance daliget ne zai ce wace tawaga ce halastacciya. Kusan duk jayayyar aka yanke ta a kan Hardin. Mutanen Stone sun ɗauka cewa bayan haka Goebel zai janye wa ɗan takararsu. Bai janye ba. Aka yi ta kaɗa ƙuri'a ba wanda ya samu rinjaye, zaure ya cika da ihu da busa ƙaho, Redwine ya shigo da 'yan sanda. Daga ƙarshe aka kawo ƙa'idar a riƙa zubar da wanda ya zo na ƙarshe. Stone ya faɗi, a zagaye na 26 Goebel ya doke Hardin.

Waɗanda suka fusata suka yi nasu taron a Lexington cikin Agusta suka tsayar da Brown. Ku dubi lissafin: ƙuri'un Brown sun ninka tazarar Taylor sau biyar. Da an yi taron nan cikin mutunci, da wuya a kai ga duk abin da ya biyo baya. William Jennings Bryan, jagoran Dimokurat na ƙasa a lokacin, da kansa ya zo ya zaga jihar a jirgin ƙasa yana yi wa Goebel kamfe, bai iya ɗinke ɓarakar ba.

Baba Isa:
Lawal, gaskiya ka faɗa, amma kada a mayar da Goebel shi kaɗai ne mugu a labarin. Ku tambayi kanku wa ke ɗaya ɓangaren. Kamfanin jirgin ƙasa na Louisville and Nashville, wanda ake kira L&N, a ƙarƙashin Milton H. Smith, shi ne mafi ƙarfin kamfani a jihar. A yankuna da dama manomin taba ko mai haƙar kwal ba shi da wata hanyar kai kayansa kasuwa sai layinsu, kuɗin dako kuma su ke yanka shi. Suna raba wa 'yan majalisa da alƙalai da 'yan jarida tikitin kyauta. Goebel ɗan baƙi ne daga Jamus, an haife shi a Pennsylvania a 1856, ya tashi a Covington, ya yi suna da shigar wa leburorin jirgi da iyalan waɗanda haɗari ya kashe ƙara a kan kamfanonin. A taron rubuta kundin 1891 yana cikin waɗanda suka dage sai an sa hukumar kula da jiragen ƙasa a cikin kundin kansa, don kada majalisa ta wayi gari ta rushe ta. L&N ta zuba kuɗi da jaridu don ganin bayansa a 1899. Talakan da ya zaɓe shi ya san abin da ya zaɓa.

Sa'adatu:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa maka ƙarfin L&N ba. Sai dai mutumin nan ya harbe John Sanford har lahira a kan titin Covington a 1895, kotu ta sallame shi a kan kare kai. Sanford tsohon sojan Kudu ne a yaƙin basasar Amurka, don haka tsofaffin sojojin Kudu, waɗanda su ne ƙashin bayan Dimokurat a jihar, da yawansu ba su yafe masa ba. Shi ma wannan ya ci masa ƙuri'a. Kuma yaƙi da kamfani bai halasta wa mutum ya rubuta dokar zaɓe shekara guda kafin ya tsaya takara ba. Henry Watterson na jaridar Courier-Journal, ɗan Dimokurat ne, ya caccaki dokar tun tana majalisa, ko da yake ya mara wa Goebel baya a zaɓen.

Ɗanjuma:
Ina neman ƙarin bayani kan zargin maguɗin. Me ainihi suka ce an yi?

Malam Habu:
Sai ka san yadda ake kaɗa ƙuri'ar tukuna. Har zuwa kundin 1891, a Kentaki mutum zai tsaya ne gaban jami'ai ya faɗi sunan wanda yake so da baki, magatakarda ya rubuta, kowa na ji. Ya yi kusa da tsarin bin layi a bayan hoton ɗan takara da aka yi a Najeriya a farkon shekarun 1990. Kenan a 1899 ƙuri'ar sirri ba ta cika shekara goma a faɗin jihar ba.

Sabon tsarin ga yadda yake. Magatakardan gunduma ne ke ba da aikin buga takardun, a ɗaure su kamar littafin rasit, kowace da gindinta. A rumfa akwai jami'ai huɗu: alƙalan zaɓe biyu, magatakarda da sherif na rumfa, doka ta ce a raba su tsakanin jam'iyyu. Mai zaɓe ya zo, a rubuta sunansa a gindin takardar, a yago masa, ya shiga lungu. A saman takardar kowace jam'iyya da alamarta, zakara na Dimokurat, bukkar katako ta Rifablikan, da da'ira a ƙarƙashi. Ya buga tambarin gicciye a da'irar, ya zaɓi duk jerin 'yan takarar jam'iyyar daga gwamna har ƙasa. Ya ninke, ya miƙa, a jefa akwati. Shi ya sa duk kujerun jiha suka tafi tare, 'yan Rifablikan suka cinye su da tazara mai kama da juna.

Zargi uku ne manya. Na farko takarda. Doka ta ce farar takarda mai kaurin da ba za a hango rubutu ta bayanta ba. A gundumomi irin su Knox da Johnson an buga a kan takarda shara-shara, wadda in an ninke ta jami'in da ya karɓa zai iya hango inda tambari ya sauka. Da aka je majalisa lauyoyin Goebel suka faɗaɗa zargin zuwa gundumomi 40. Na biyu, Gwamna Bradley ya fito da dakarun jiha a Louisville ranar zaɓe, suka ce an tsorata masu zaɓe, a soke ƙuri'un birnin baki ɗaya. Na uku, L&N ta tilasta wa ma'aikatanta ta kuma sayi ƙuri'u. Akwai ƙaramin na huɗu: a gundumar Nelson sama da ƙuri'a dubu sun fito da sunan W. P. Taylor maimakon W. S. Taylor, aka nemi a zubar da su saboda harafi ɗaya.

Barista Hadiza:
In ƙara a kan na Malam, abin da ya sa jayayyar ba ta da magani shi ne dokar lokacin ta ce da zarar an gama ƙirga a rumfa, jami'ai su lalata takardun a nan take, waɗanda aka kaɗa da waɗanda suka rage. Waɗanda aka yi saɓani a kansu kaɗai ake rufewa a ambulan a kai wa magatakardan gunduma. An yi haka ne don kare sirrin mai zaɓe, amma sakamakonsa shi ne babu sake ƙirga. Abin da ya rage sai takardar sakamako da bakin shaidu. Duk wanda ke son juya zaɓe ba zai iya cewa a buɗe akwati ba, sai dai ya ce a soke gunduma sukutum.

Kuma ku auna hujjar takarda shara-shara da kyau. Mai zaɓe ba shi ya bugo ta ba, abin da aka miƙa masa ya karɓa. A gundumar da tun yaƙin basasa take zaɓen Rifablikan da gagarumin rinjaye, hango tambarinsa ba zai canza sakamako ba. Soke ƙuri'arsa hukunta shi ne a kan laifin ma'aikaci. Jami'an rumfunan ma ai hukumomin da dokar Goebel ta kafa ne suka naɗa su.

Baba Isa:
'Yata, a nan ban bi ki duka ba. Ƙuri'ar sirri an kawo ta ne don mai sayen ƙuri'a ya kasa tabbatar da cinikinsa, mai gida kuma ya kasa sa wa yaronsa ido. In takarda tana nuna abin da ke ciki, an dawo da zaɓen baki ta bayan gida. Ɗan Dimokurat ƙwaya ɗaya a ƙauyen tsauni, wanda duk maƙwabtansa na ɗaya ɓangaren ne kuma kowa da bindigarsa, shi ne wanda kaurin takardar ke karewa. Ba ƙaramin abu ba ne.

Barista Hadiza:
Na yarda ba ƙaramin abu ba ne, Baba. Maganinsa a hukunta wanda ya ba da aikin bugun, ko a sake zaɓe a wurin. Majalisa ba ta yi ko ɗaya ba. Ga abin da ta yi. Ta zauna ranar 2 ga Janairu 1900. Doka ta ce a kafa kwamitin mutum 11, sanatoci uku da wakilai takwas, ta hanyar zaro sunaye daga akwati. Da aka zaro na shari'ar gwamna, goma Dimokurat, ɗaya Rifablikan. In aka bi yawan kujerun kowane ɓangare, huɗu ko biyar ake sa ran 'yan Rifablikan su samu, shi ya sa tun ranar suka ce an shirya zaron. Kwamitin ya fara zama tsakiyar Janairu, ya taƙaita wa lauyoyi lokaci. Rahoton da ya fitar bai kawo lissafi ba: bai ce gunduma kaza aka soke ba, bai ce ƙuri'a kaza ta rage wa kowa ba. Cewa kawai ya yi Goebel ne ya fi samun halastattun ƙuri'u. Wannan ne wurin da nake ganin tsarin ya karye, Malam Habu.

Malam Lawal:
Sai dai 'yan Rifablikan su ma sun haƙa wa kansu rami. Ranar 25 ga Janairu jirgin L&N ya sauke mutane kusan dubu daga tsaunukan gabas a Frankfort, galibinsu da bindigogi, da sunan sun zo miƙa koke ga majalisa. Caleb Powers, sabon sakataren jiha, yana cikin waɗanda suka shirya zuwansu. An mayar da mafi yawansu gida, wasu suka tsaya. Kwana biyar bayan haka, da safiyar 30 ga wata, Goebel na tafiya zuwa ginin majalisa tare da mutum biyu masu rakiya, harsashin bindigar raifal ya shige ƙirjinsa ta dama ya fita ta baya. Daga ginin ofisoshin gwamnati da ke gefe aka yi harbin, masu gabatar da ƙara suka ce ta tagar ofishin sakataren jiha. Powers ba ya gari a lokacin, yana cikin jirgi zuwa Louisville.

Abin da Taylor ya yi bayan harbin ya ƙara ɓata masa. Ya ayyana cewa an yi tawaye, ya cika gari da dakarun jiha, ya ɗage zaman majalisa zuwa garin London na Kentaki, da ke yankin magoya bayansa. 'Yan Dimokurat suka nufi zauren majalisa, soja suka tare. Suka nufi gidan wasan kwaikwayo da kotun gunduma, nan ma haka. Sai suka taru a ɓoye a otal ɗin Capitol, inda Goebel ke kwance, suka amince da rahoton kwamiti ranar 31, aka rantsar da shi. Umarnin da ya sa wa hannu shi ne dakaru su koma gida. Da ya rasu aka rantsar da Beckham, yana da shekara 30. Jihar ta zauna da gwamna biyu, majalisa biyu, rundunar dakaru biyu suna kallon juna a gari ɗaya. Shugaba McKinley ya ƙi tura sojan tarayya.

Sa'adatu:
Har yau shi kaɗai ne gwamnan jiha a Amurka da aka kashe yana kan kujera. Barista, kotuna fa? Ba su ga rahoton da ba lissafi a cikinsa ba?

Barista Hadiza:
Sun gani, suka ce ba huruminsu ba ne. Ɓangarorin biyu sun amince a kai maganar kotu. Kotun Louisville ta ba Beckham gaskiya a Maris. Kotun ɗaukaka ƙara ta jiha, wadda ita ce mafi girma a Kentaki a lokacin, ta tabbatar a Afrilu da alƙalai shida da ɗaya, cikin shidan har da 'yan Rifablikan biyu. Hujjarsu: kundi ya ba majalisa wannan hukunci, kotu ba za ta leƙa bayan abin da majalisa ta rubuta a kundin zamanta ba. Ranar 21 ga Mayu 1900 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Taylor da Beckham, ta ce kujerar mulki ba dukiya ba ce da gyara na 14 na kundin tsarin mulkin Amurka zai kare, don haka ba ta da hurumi. Mai shari'a John Marshall Harlan, ɗan Kentaki, ya rubuta doguwar adawa. Taylor ya tsallaka Indiana saboda an saka shi cikin waɗanda ake tuhuma da kisan, gwamnonin can suka ƙi miƙa shi, a Indianapolis ya rasu a 1928.

Ɗanjuma:
Sauran kujerun fa, antoni janar da ma'aji da su odita? Su ma majalisa ce ta yanke?

Malam Habu:
A'a, tasu hanyar daban ce, kuma a nan dokar 1898 ta yi aikinta, shi ya sa ban janye maganata ta farko duka ba. Dokar ta mayar da hukumar mutum ukun nan kotun sauraron ƙara a kan kujerun da ke ƙasa da mataimakin gwamna. Bayan sun ba Taylor shaida, Pryor da Ellis suka ajiye aiki. Aka cike gurbinsu da mutanen ɓangaren Goebel. Hukumar da ta ba 'yan Rifablikan takardar shaida a Disamba, ita ce ta sauya zama ta karɓe kujerun a Fabrairu ta ba 'yan Dimokurat. Sun garzaya kotun tarayya a Cincinnati gaban William Howard Taft, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya ce su koma kotunan jiha. Clifton J. Pratt, antoni janar, ya bi shari'arsa har ƙarshe. A 1901 kotun ɗaukaka ƙara ta ce majalisa ba ta da ikon ba wa hukumar zaɓe aikin kotu, ya karɓi kujerarsa daga Robert J. Breckinridge. Shaidu ɗaya, ƙuri'u ɗaya, rana ɗaya, amma kujerar da ta isa gaban alƙali ta koma wa wanda hukuma ta fara ba shaida.

Malam Lawal:
Shari'ar kisan ma ba ta fita daga siyasa ba. Majalisa ta ware dala 100,000 don bincike da tukwici, abin da ya sa ake shakkar shaidu da yawa. An tuhumi mutum 16. Uku aka ɗaure: Powers, Henry Youtsey wanda ma'aikaci ne a ofishin odita, da Jim Howard daga gundumar Clay, wanda aka ce shi ya ja kunamar. Masu taya alƙali hukunci kusan duk 'yan Dimokurat ne, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta yi ta rushe hukuncin. Sau huɗu aka gurfanar da Powers, sau uku aka same shi da laifi, na huɗun aka kasa cimma matsaya. Gwamna Augustus Willson na Rifablikan ya yi wa Powers da Howard afuwa a 1908, Taylor a 1909. A 1910 mutanen tsaunuka suka zaɓi Powers zuwa majalisar wakilai ta tarayya. Youtsey, wanda ya sauya bayaninsa fiye da sau ɗaya, shi ya fi daɗewa a kurkuku. Masana tarihi har yanzu ba su haɗu a kan wanda ya yi harbin ba.

Sa'adatu:
Ita dokar zaɓe ta 1898 kuma Beckham da kansa ya kira zama na musamman a 1900 aka sauya ta, saboda ta zame wa jam'iyyar kaya. Sabuwar ta ba kowace babbar jam'iyya kujera a hukumar jiha. Da aka yi zaɓen cike gurbi a Nuwamba 1900, Beckham ya doke John W. Yerkes da tazarar da ba ta kai 4,000 ba. Jihar a rabe take kusan biyu daidai, kafin harbin da bayansa.

Baba Isa:
Kuma a shekarar majalisar ta zartar da dokar McChord, wadda ta ba hukumar jiragen ƙasa ikon sa baki a kuɗin dako, dokar da Bradley ya ƙi sa wa hannu a 1898. Habu, in za a ci gaba gobe, a ɗauko batun baƙaƙen fata masu zaɓe a wannan shekara. Kentaki ba ta ƙwace musu ƙuri'a ba kamar yadda Mississippi ta yi a 1890, kuma dokar raba taragun jirgi tsakanin farare da baƙaƙe ta 1892 ta sa da yawansu sun ja baya da Taylor har sai da Bradley ya fito kamfe. Da tazarar 2,383, ƙuri'unsu na Louisville da Lexington suna cikin abin da ya yanke zaɓen.